Abin da Gwaggo Hermelinda Ta Goge

Cajamarca, 18 ga Oktoba, 1993

'Yata Marleny,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Lima ba ta ƙarasa cinye ɗan sauran naman jikinki ba. Nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu tana sanar da ni ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Babanki kuwa garau yake, sai taurin kai da ke ƙaruwa.

Bari in fara da yabo, kada ki ce gwaggonki 'yar kasuwa ba ta san darajar ilimi ba. Wannan kwamfuta da jami'arku ta ajiye wa babanki Eleodoro a falo, abin albarka ce! Shekara talatin ina sayar da cuku, ban taɓa ganin ma'aikaciya mai ladabinta ba. Ba ta san komai ba, kuma ta yarda ba ta sani ba. Babanki ya yi mini bayani: ana sa mata faifai sai ta ajiye nata hankalin gefe, ta mai da kanta taga kawai. Wai mai hankalin ta gaske tana can Lima, a ɗaki mai sanyi kusa da ke. Abin da ya danna a nan can yake sauka, abin da ya gani a gilashi daga can ya zo. Na ce ashe irin mijin Zoila mai rumfar ƙwai ce, ko ranar mako ka tambaye shi sai ya ce bari ya tambayo matarsa.

Ga kuma murya! Ɗan akwatin nan da ke haɗa ta da layin tarho, in ya fara kiran Lima, sai ki rantse alade ake ja zuwa mahauta.

Ya kamata ki ga babanki da ita. Ƙarfe bakwai na safe ya fita tsakar gida ya duba gwangwanin awon ruwan sama, ya ɗaga shi daidai ido kamar mai awon zinariya. Ya dawo ya ɗaura nakatayi a wuya, wallahi nakatayi, ya zauna. Ya shiga, ya rubuta muku adadin ruwan don bincikenku, sannan ya rubuta miki layinki guda. In ya gama ba ya kashewa haka nan. Sai ya yi wa ta Lima sallama da kalmarta, ya jira ta amsa. Wai shekara talatin da biyar a gidan tangarahu bai taɓa barin layi a buɗe ba. Akwai wani maɓalli mai kibiya na goge kuskure, har ƙura ta taru a kansa. Ya ce wannan na malalata ne.

Jiya ya tilasta mini na koya, wai ko don wata rana. Na ce, "Eleodoro, kakanmu ɗaya da kai, amma haukan nan ba daga wajenmu ka gado shi ba." Ya ce, "Zauna, Hermelinda, ai kin yi firamare." Na zauna. Kalmar sirrin ba zan rubuta a takarda ba, amma ke ma kin san sunan wa ya sa. Shekara tara da rasuwarta, kullum safe sai ya rubuta ta.

Na haɗo miki cuku biyu da masara a motar Alhamis. Ki ci, ba rabo na ce ki yi ba.

Gwaggonki,
Hermelinda

Lima, 2 ga Nuwamba, 1993

Gwaggo,

Na gode, cukun ya iso lafiya. Na ci ɗaya da rabi, rabin kuwa kada ki tambaye ni. Ina lafiya, sai tarin da damshin garin nan ke sa kowa.

An sa mini rana. Juma'a, goma ga Disamba, zan tsaya gaban malamai biyar in kare kundina. In na faɗi sai baɗi, kuma tallafin karatuna a Disamba zai ƙare. Shekara uku na ruwan Cajamarca ne a cikin kundin nan, kusan duka Baba ne ya auna.

Ki yi ta yi wa na'urarmu dariya, amma ita ke riƙe da ni. Ƙarfe tara nake shiga ɗakin kwamfuta, kafin in taɓa komai sai na buɗe layin Baba. Kin san shi, har yanzu rubutu yake kamar ana cajinsa kuɗi a kan kowace kalma. Na yau: RUWA 4. KI SA RIGAR SANYI. Shi ke nan. Ni kuma in bar masa nawa, ya gani washegari. Gwaggo, duk ranar da na buɗe na ga ba komai, a tashar mota za a same ni, da kundi ko ba kundi.

Ki riƙa leƙa shi. Gishiri yake ƙarawa a abinci in ba kowa.

Taki,
Marleny

Cajamarca, 14 ga Nuwamba, 1993
(Wannan ba zan aika ba sai bayan goma ga Disamba.)

Marleny,

Gaisuwar ƙarya na riga na aika miki da ita jiya, tare da cuku da gulmar kasuwa. Wannan ita ce ta gaskiya, kuma a ƙarƙashin sikelina za ta zauna.

Ranar Talata na shigo da koren romo, na tarar da babanki a ƙasa a tsakar gida, gwangwanin ruwa a gefensa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kwana uku muka yi a asibiti. Likita ta ce haɗarin farko ya wuce, sauran sai haƙuri da jinya. Hannun dama ba ya motsi. Magana ta tafi, kalma ɗaya ta rage masa, kuma kin san wacce Eleodoro zai riƙe in an ce ya zaɓi ɗaya: "A'a."

Da na nufi tarho zan kira makarantarku, sai ya cafke mini wuyan hannu da hagunsa. "A'a." Na ce, "'Yarka ce fa." "A'a." Na ce, "Sai ta gama jarrabawar?" Ya rufe ido, ya sake ni.

Sai na tuna maganarki ta tashar mota. Ranar Talatar ba a rubuta komai ba, na yi sa'a an ce layin ya sami matsala a ranar. Laraba da sassafe na baro shi a asibiti, na zo na zauna a kujerarsa. Ban ɗaura nakatayi ba. Aladen ya yi kukansa, na rubuta sunan mamanki, sai ga Lima ta buɗe mini ƙofa kamar ta san ni. Tun ranar ni ce babanki. RUWA 6. KI CI ABINCI. Ba wuya, mutum ya yi rowar kalmomi kawai.

Ruwan kuwa ina aunawa. Sai dai layukan jikin gwangwanin ƙanana ne, idona kuma ba na da ba ne. In na ga ya tsaya tsakanin biyu sai in ba ku na sama, in ɗan ƙara gyara. Ban taɓa sallamar mai saye ba gyara ba, balle 'yata.

Zan gaya miki wani abin kunya. Na gano amfanin maɓallin malalatan nan. In na zauna, zuciyata cike, sai in fara rubuta miki gaskiya. Ya sha romo cokali huɗu. Na yi masa aski na yanke shi a haɓa. Ina tsoro. In rubuta son raina, sannan in danna kibiyar, in ga haruffan suna komawa baya ɗaya bayan ɗaya har gilashi ya yi fes. Sai in rubuta na babanki. Ya fi zuwa furta zunubi wajen Fada a coci sauƙi, don na'urar ba ta san muryata ba, ba ta kuma sayen cuku a wajena.

In kin karanta wannan ki yi fushi da ni, kada ki yi da shi.

Lima, 21 ga Nuwamba, 1993

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wasiƙarki ta zo, na ji daɗi da kowa yake lafiya kamar yadda kika ce. Ni ma tarin ya yi sauƙi.

Na kira gida ranar Laraba daga rumfar tarho, kika ce Baba ya tafi aski. Na ce to. Ki gaya wa mai askin ya riƙa yi a hankali wajen haɓa, fatar tsofaffi ba ta son gaggawa.

Ina da saƙo biyu zuwa ga Baba. Na farko, Don Fidencio mai kula da babbar na'ura ya yi ƙorafi. Ya ce kwana goma sha ɗaya ke nan mutumin Cajamarca ba ya sallama, kashewa kawai yake yi, ya bar ƙofa a buɗe sai shi ya bi ya rufe. Ki tuna masa kalmar tana rubuce a ƙarƙashin allon maɓallan.

Na biyu, in ya zauna zai rubuta mini, kada ya yi sauri. Ya ɗauki lokacinsa. Duk abin da ya zo masa ya danna, ko da zai goge daga baya. Rubutu yana sauke nauyin ƙirji, haka wata malamarmu ta ce.

Damina ta yi kyau bana ke nan? Ruwan da nake gani ya fi na kowace shekara.

Ke ma ki riƙa cin abinci, Gwaggo. Ki riƙa zama.

Taki,
Marleny

Cajamarca, 1 ga Disamba, 1993
(Ita ma ƙarƙashin sikeli.)

Marleny,

Da wasiƙarki ta zo na karanta wa babanki. Na ce, "Ka gani? Digiri biyu, amma mai cuku ta sayar mata da kai ba ta duba ba." Wajen maganar haɓa gabana ya ɗan faɗi, sai na ce ai duk mai aski yana yanka. Da na zo wajen barin ƙofa a buɗe kuwa, irin kallon da ya yi mini, da yana da baki da na koma gidan ubana. Yanzu ina sallama, har "na gode" nake cewa da baki.

Wannan dariyar ta makon jiya ce. Yau ba ni da ita.

Ya daina cin abinci sosai. Ya juya fuska bango. Ga wani sabon abu: yatsansa na hagu yana ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado. Ya yi, ya tsaya, ya sake, yana kallona. Likita ta ce rawar jijiya ce. Na sa masa matashi a ƙarƙashin hannun, ya ture, ya ci gaba, har hawaye na zubo masa ta ido ɗaya. Na tambaye shi ruwa, bargo, fitsari, Fada. "A'a. A'a."

Ranar Litinin na zauna gaban na'urar na rubuta duk wannan. A ƙarshe na rubuta: ki zo, 'yata, na kasa. Na daɗe ina kallonsa. Kwana goma sha ɗaya suka rage miki. Na danna kibiya. RUWA 9. KI DAGE.

Jiya na buɗe, ba layinki. Yau ma babu. Ba ki taɓa tsallake rana ba. Ko tarin ne ya kwantar da ke? Ko "ki dage" ɗin ne ya yi miki kama da faɗa? Shi ba zai rubuta haka ba, na sani, kalmata ce ta kasuwa. Ya kalle ni da na shigo, yana jiran in karanta masa naki, sai na ƙirƙiro. Na ce kin ce kina gaishe shi. Yanzu ni ce uban, ni ce 'yar, kuma ba wanda na iya a cikinsu.

Ana buga ƙofa. Bari in duba.

Tashar mota, Lima, 30 ga Nuwamba, 1993

Gwaggo,

Wannan hannu da hannu zan ba ki, don in na tsaya gabanki ba zan iya faɗa ba. Motar sai ƙarfe huɗu, jiya ban sami kujera ba.

Na sani tun sha biyu ga wata.

Maɓallin gogewar da ke gida da babbar na'urar nan ba su taɓa fahimtar juna ba. A gilashinki harafi yana ɓacewa. Ita kuwa ta nan ba ta zubar da shi, ajiyewa take yi, ta ɗora wata 'yar alama a gefensa. Shekara uku ba wanda ya lura, saboda Baba bai taɓa danna shi ba. Da Don Fidencio ya yi maganar ƙofa a buɗe, na san ba Baba ba ne. Sai na aika saƙonnin ga injin buga takarda, shi kuma ba ya ɓoye komai. Ga su nan duka, Gwaggo. Cokali huɗu. Haɓa. Ina tsoro. A ƙarshen kowanne, RUWA 6, KI CI ABINCI.

Na shiga banɗaki na yi kukana. Na fito har na kama hanyar tasha. Abin da ya tsayar da ni, a cikin abin da kika goge akwai maganar likita, akwai kuma yadda ya riƙe miki hannu. Na ce in na zo, na ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana iko da shi. In kuma na gaya miki na gani, za ki daina rubutawa, in koma jin "ya tafi aski". Sai na yi shiru. Kullum ƙarfe tara ina karanta wasiƙa biyu: ta babana da kika ƙirƙira, da taki da kika goge. Ban san wacce na fi so ba.

Kin yi mini ƙarya kwana ashirin, na yi miki ta kwana goma sha takwas. Kin fi ni da biyu, ki riƙe su a matsayin gyara.

Gwaggo, ba rawar jijiya ba ce. Wanda ya yi, ya tsaya, ya sake, yana kallon mutum, aika saƙo yake yi. Ina da shekara shida ya koya mini ƙwanƙwasar tangarahu a kan teburin cin abinci, muna gulmar Mama tana zaune. Kwana nawa yana magana ba mai ji?

Kin ce in zo. Na gani kafin ki goge, na gani bayan kin goge. Malamina ya ba ni kwana biyar.

Taki,
Marleny

Cajamarca, 14 ga Disamba, 1993

Malama Marleny,

Haka za a riƙa kiranki yanzu, ko? Gaisuwa da murna. Gwiwata na nan da halinta. Babanki jiya ya cinye kwanon romo, ya nemi gishiri da yatsa, na yi kamar ban iya karatun ba.

Ranar Asabar na tura shi a kujera har gaban na'urar, na ɗaura masa nakatayi. Da layinki ya fito, NA CI, ya daɗe yana kallo. Sai ya ture hannuna. Da yatsa ɗaya na hagu, kusan kwata na awa, layi na ta tafiya. Kin ga abin da ya rubuta: RUWA 3. NA SANI. Ya yi sallama da kansa, ya jira ta amsa.

Har yanzu ban huce ba, ki sani. Na ba matan kasuwa labari don su taya ni jin haushi, sai suka kama ciki. Na ce, yarinya ta kwana a mota, ta shigo da ƙafafu a kumbure, ta durƙusa ta shimfiɗa wa ubanta tafin hannu, ya fara ƙwanƙwasa mata a kai. Ni ina tsaye ina share hawaye da gefen mayafi, ina jiran in ji wasiyya. Mutum ya yi mako yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Sai yarinya ta fashe da dariya tana kuka, ta ce, "Gwaggo, wai a gaya miki ruwan sama ba cuku ba ne, ki daina ƙara gyara." Ashe ta taga yake hango ni ina awo! Zoila har ta fasa ƙwai biyu.

Abin da ya ƙwanƙwasa miki bayan wannan, wanda ya sa kika kifa kai a ƙirjinsa, ba ki fassara mini ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ga ya karɓi cokali daga hannunki a ranar. Na kuma ga ranar Lahadi shi ya nuna miki ƙofa da yatsa.

Takardar ƙwanƙwasar da kika rubuta mini tana manne a bango. Na haddace ruwa, bargo, rediyo, da wata kalma da yake yawan aiko mini wadda ba ki sa a takardar ba. Na bi ta harafi harafi na gano ta. Ba za a faɗe ta a coci ba. Na ce, "Kai ma haka, Eleodoro." Ya yi dariya da rabin baki.

Ki ba malaminki haƙuri kan ruwan Nuwamba. Na ji kin cire kwana ashirin ɗin daga lissafinku. Ya yi. Amma a rubuta cewa ba wanda ya taɓa cewa awon Hermelinda ya gaza.

Ga wasiƙu biyun da suka kwana ƙarƙashin sikeli. Kin riga kin san abin da ke ciki, suna warin cuku kawai. Ɗakinki na nan a share don Kirsimeti.

Saura magana ɗaya. Kafin ki tafi kin zauna kin daidaita na'urar, kika ce yanzu maɓallin kibiya yana gogewa da gaske, har can Lima. Na gwada, na kuma gode, aiki ya yi kyau. Ilimi ke nan, ya ga ɓaraka ya toshe. To amma Malama, tunda ke ce mai digiri: ran da na sake samun wata gaskiyar da bakina ba zai iya faɗa ba, ta wace hanya kike so in aiko miki da ita?

Gwaggonki,
Hermelinda